Jirgin Da Ba A Taɓawa

Shafi na 23

Salamu alaikum jama'ata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan Daso da ta ce in ban saki shafi yau ba, za ta biyo ni gida da taɓarya. Ki mayar da taɓaryar cikin turmi, ga shi nan.

Waɗanda suka shigo mana yau kuwa, ga inda muke. Hajjo 'yar Yawuri ce, tana digirin dokta a Kuala Lumpur a kan yadda marigayi mahaifinta yake ƙera jirgin ruwa na katako. Duk aikinta a kan wani tsohon littafin awo da Baban ya bar mata ya dogara, kuma ranar Alhamis za ta kare shi gaban malamai. Jiya ta buɗe akwatinta ba ta ga littafin ba. Sannan ta ji cewa Tajuddeen, wanda suke ɗakin bincike ɗaya a Jalan Semarak, ya kai irin aikinta gidan tarihi da sunansa, yau Asabar za a sa hannu a buga. In nasa ya riga fita, ita za a kira ɓarauniya, shekara huɗu ta tafi a banza.

*

Tun daga unguwar Wangsa Maju har ƙofar gidan tarihin Hajjo tagar mota take kallo. Yaya Datti ne ke ta magana yana tuƙi, shi da ba mai surutu ba. Wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa tara a Malaysia yana aikin kwamfuta a Sentul, ita ta roƙe shi ya rako ta don ya zame mata shaida.

"Ki shiga a hankali, Hajjo. Nan ba bakin kogin Yawuri ba ne."

"Na ji."

"Ko ki bar wa supervisor ɗinku maganar mana."

"Yana Penang sai Laraba, Yaya. Yau za a sa hannu."

Suka yanki tikiti suka hau bene. Wata uku ke nan da aka kawo baje kolin daga Norway, tarihin mutanen Viking, waɗancan turawan na da masu ratsa teku da jirgin katako. Ta daɗe tana cewa za ta zo kallo aiki yana hana ta. Ba ta taɓa zaton da baƙin ciki za ta shigo ba.

Tana tura ƙofa sanyi ya dake ta, sai ta tsaya cak.

Ga shi nan a tsakiyar zaure, an ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe, an kewaye shi da jar igiya. Ba wani babba ba ne, mutum huɗu ko biyar zai ɗauka. Baƙi wuluk kamar gawayi. Allon da ke gefensa ya ce shekara dubu da ɗoriya ya yi cikin yumɓu, a kabarin wani mai mulki da aka binne da jirginsa. Filanki ya hau kan filanki, kowanne ya rufe leɓen na ƙasansa, an ɗinke su da ƙusoshin ƙarfe a jere. Zarto bai taɓa itacen ba, da gatari aka tsaga shi.

Duk fushin da ta kwana da shi bai hana ta cewa "Tabarakallah" ba. Idonta ya ciko, don Baba ta tuna. Da shi ya ga wannan jirgin, sai an kashe fitilu za a iya fitar da shi daga zauren.

"Ah ah! Dakta in waiting! Ke ma kin zo kallo?"

Tajuddeen ne, cikin kwat ruwan toka, da katin baƙo na musamman a wuya, turarensa ya riga shi isowa. Ni dai in faɗa muku gaskiya, akwai murmushin da in aka yi maka sai ka laluba aljihunka. Irinsa Tajuddeen yake yi.

"Ina littafin ubana?"

"Ko gaisuwa babu? Yallaɓai Datti, barka da zuwa."

Datti ya amsa ciki-ciki.

"Taju, na ce ina littafin ubana?"

"Rage murya mana, museum ne. Ki duba bayanki."

An ware wata kusurwa don jiragen katako na sauran duniya, ga na Terengganu, ga na Indiya. A ƙarshen layi aka ajiye ɗan samfurin jirgin Yawuri, tsawonsa bai wuce hannu ba, an sha masa fenti yana ƙyalli. Kusa da shi, cikin akwatin gilashi, littafin ne a buɗe. Bangon fatar akuya, tabon kwalta a gefen shafi, ajamin Baba da yake karkata hagu. Ko cikin duhu ta shafa shi za ta gane.

Ta karanta ɗan allon da ke ƙasa. Ya ce littafin wani maƙerin jirgi ne daga kogin Kwara, iyalinsa suka ba mai bincike Tajuddeen.

"Wani," in ji ta. "Ubana ne wani?"

"Space ɗin label ne ya yi kaɗan."

"Malam Imran Mai Jirgi ne wani? Daga Yawuri har Malale waye bai hau jirginsa ba? Sunanka mai harafi tara ya samu wuri, nasa ne bai samu ba?"

"Malama Hajjo, ilimi ba gonar gidanku ba ce. Shekara huɗu kina kwance a kan data kamar kaza a kan ƙwai. Ni wata uku na fitar da paper. Laifina ne?"

"Kai? Kai da ko kududdufi ba ka taɓa tsallakewa ba? Ranar da department ta kai mu Port Klang aka hau jirgi, wa ya cika jakar laptop da amai?"

Murmushin ya ɗan motsa, amma bai faɗi ba.

"Amai ba ya hana publication."

"Kuma wane iyali ne suka ba ka? Ni ce iyalin. Ga wana nan tsaye. Fasa mini akwati ka yi, ɓarawo!"

"Ki iya bakinki. Ina da takarda."

Ta juya ga samfurin don kada hannunta ya kai ga fuskarsa. Ta dube shi ta gaba, ta zagaya ta dube shi ta baya. Sai ta yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Da me ka auna kamu?"

"Standard ne. Forty-five centimetres. Ki yi Google."

"Kamun Baba ba na Google ba ne, hannunsa ne. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa! Tsawon jirgi da ƙafa yake rubutawa, don da ƙafa 'yan katako ke sayar da filanki. Faɗi kuwa da hannunsa yake aunawa. Ka samu tsawo daidai ka tsuke masa ciki, Taju. A ƙera wannan a ɗora masa buhu goma na albasa, kafin tsakiyar kogi ya kife da mutane."

"Model ne kawai."

"Makara ce ka sassaƙa ka shafa mata fenti."

"Hajjo, ya isa," in ji Datti. "Mutane na kallo."

Kallon kuwa ana yi. Wasu 'yan Sin mata da miji sun bar takubban Viking sun dawo kallonsu, mai gadi ma ya fara matsowa. Daidai nan wata tsohuwar baturiya ta fito daga ƙaramar ƙofa riƙe da fayil. Gashinta fari fat, hannuwanta a kaushare kamar na mai noma. Madam Ingrid ke nan, ita ta rako jirgin daga Norway, kuma ita za ta sa hannu a kan aikin Tajuddeen.

Nan take Tajuddeen ya juya harshe zuwa Turanci.

"Madam, wannan abokiyar karatuna ce. Ta zo taya ni murna."

"Ban zo murna ba," in ji Hajjo, ita ma da Turancin. "Littafin nan na mahaifina ne. Sace shi aka yi daga ɗakina. A kansa na rubuta digirina."

Tajuddeen ya matso, haƙora a waje kamar mai gaisuwa, ya ce da Hausa, "Ki rufa wa kanki asiri. Gaban baturiya za ki zubar mana da mutuncin Najeriya?"

"Yau ka san da Najeriya?"

Madam Ingrid ba ta jin Hausa, amma ba yarinya ba ce. Ta dubi wannan ta dubi wancan, ta rufe fayil ɗinta. Ta ciro ɗan makulli ta buɗe akwatin gilashin, ta sa safar hannu, ta juya shafi biyu a hankali.

"Akwai abin da na daɗe ina son tambaya," in ji ta. "Waɗannan ƙananan da'irori da aka zana a jikin wasu filankai. Mene ne su?"

Tajuddeen ya gyara kwat.

"Na yi bayani a babi na uku, Madam. Tsari ne. Mutanen yankin suna da camfi a kan aljanun ruwa, shi ne suke zana su."

Wallahi ni da nake rubutawa sai da na ji kamar in shiga wayar in mare shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana limancin masallacin bakin ruwa, shi aka mayar mai zanen aljanu.

"Ƙarya yake yi," in ji Hajjo. "Wurin ƙwanƙwasawa ne."

"Ƙwanƙwasawa?"

"In an gama kafa ƙusa, kafin a shafa kwalta, maƙeri yana bin jirgi da bayan yatsa yana saurare. Filankin da ya zauna daidai a kan ɗan'uwansa, ƙararsa a cike take. Wanda ya bar iska a tsakani, sai ki ji shi fanko kamar ƙwarya. Ta nan ruwa zai shiga wata rana. Baba yana zana da'ira a wuraren da jirgi ya fi cin amanar mai shi, don a fara da su."

Idon tsohuwar ya sauya. Ta cire tabarau, ta nuna baƙin jirgin da ke tsakiyar zaure.

"To in ke ce, a namu ina za ki fara?"

Jama'a, nuni matar nan take nufi. A tsaya a bayan igiya a miƙa yatsa, shi ke nan. Amma Hajjo a wurin sassaƙar Baba ta tashi, inda ba a amsa tambayar jirgi da baki. Ka nuna daga nesa, hular Baba ce za ta sauka a ƙeyarka, ya ce je ka taɓa ka dawo ka gaya mini. Tun tana 'yar shekara shida haka hannunta ya saba. Ga zuciya ta hau, ga wata ta tambaye ta abin da ta fi sani a duniya. Ba ta ma ga igiyar ba, ƙafarta ce ta tsallake.

Ta sunkuya wajen goshin jirgin, filanki na uku daga ƙasa, ta lanƙwasa yatsa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙararrawa ta ɗauki kuka, zauren gaba ɗaya ya amsa.

"Tak boleh! Puan, tak boleh!" Mai gadi ya taho a guje yana ɗaga hannu, yana faɗa mata da yarensu cewa ba a yi.

"Innalillahi," in ji Datti.

Sai a lokacin ta ga inda take tsaye. Ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi. Daga leɓen filankin wani ɗan ɓarɓashi ya saki, bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya sauka a kan farin daɓe. Kowa ya gan shi, don babu wani baƙin abu a wurin sai shi.

Madam Ingrid ta zo ta wuce ta kamar ba mutum a wurin. Ta durƙusa da gwiwoyinta na tsufa, ta yago takarda daga fayil, ta tura ɓarɓashin a kai da gefen kati. Da ta ɗago, fuskarta ta yi ja har wuya.

"Shekara goma sha ɗaya muna shayar da itacen nan magani don kada ya ruguje. Ni da na rako shi ban taɓa sa masa hannu babu safa ba. Yumɓu bai ci shi ba, jirgin sama bai ci shi ba, sai ke?"

"Ki yi haƙuri, Madam. Wallahi ban sani ba na..."

"Fita daga cikin igiyar!"

Hajjo ta fito. Aka kashe ƙararrawar, mai gadi ya tsaya a gefenta yana magana a rediyonsa. Kunya ta rufe ta, da tsoro, da haushin kanta wanda ya fi su duka.

Tajuddeen ya matso kusa da kunnenta. Wayarsa na hannu, ya juyo mata fuskar wayar. Ga ta nan tana tsallake igiya, ga ƙwas ɗin har uku, ya ɗauka tsaf.

"Kin yi kyau a video," in ji shi a hankali. "In wannan ya je wa Dean da scholarship board, ko ƙofar viva ɗin ranar Alhamis ba za ki gani ba."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Amin. Ki ce mata kuskure kika yi, littafin kama ya yi miki da na babanki. Ni kuma in goge. Har acknowledgement zan sa ki, boleh? Kin yarda?"

"Ka tura wa Dean. Ka tura wa uban Dean."

"Ki yi tunani, Hajiya. Visa ɗinki a kan karatun nan take."

"Na ce ka tura!"

Madam Ingrid ta miƙa wa wani ma'aikaci takardar da ɓarɓashin, ta miƙe da ƙyar. Ta daɗe tana kallon wurin da aka ƙwanƙwasa. Fushin bai bar fuskarta ba, amma wani abu ya shigo cikinsa.

"Me ya sa nan?" ta tambaya, ba ta ko juyo ba. "Jirgin yana da filanki goma sha biyu. Me ya sa wannan?"

Hajjo ta nuna wurin daga bayan igiya.

"Ƙusoshin wurin sun fi matsuwa da juna. Wanda ya ƙera jirgin ba haka yake jera ƙusa ba, wani hannu ne daban. An taɓa gyara shi. Kuma ƙararsa fanko ce, gyaran bai zauna ba."

Madam Ingrid ta gyaɗa kai.

"Akwai tsohon faci ta ciki," in ji tsohuwar. "Sai da muka haska na'ura muka gan shi. Ba mu rubuta a kowane allo ba."

Ku zo ku ga fuskar Tajuddeen. Murmushin nan da ya sha amai da zagi bai faɗi ba, yanzu ya nemi hanya ya fice.

"Madam, sa'a ce kawai ta..."

"Kai ka yi shiru. Ka ce mini aljanu." Ta juyo ga Hajjo. "Abin da kika yi wa jirgina sai na rubuta shi, kada ki yi zaton na yafe. Kin san jirgi, shi bai sani ba, wannan na gani da idona. Amma sata babbar magana ce. A fayil ɗin nan akwai takarda da ta ce iyalin mai littafin ne suka bayar da shi. In kina da shaidar cewa ƙarya ce, ba zan sa hannu ba, kuma da kaina zan rubuta wa jami'arku yau."

Hajjo ta ji numfashinta ya dawo. Ta juya ta kamo hannun rigar Datti.

"Ga wana. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Yana nan ranar da Baba ya ba ni."

Duk sanyin zauren nan, goshin Datti gumi yake yi.

"Kai ɗan mai littafin ne?" in ji Madam Ingrid.

"Ni ne."

"Wannan rubutun mahaifinku ne?"

"Nasa ne."

"Alhamdulillah," in ji Hajjo, hawaye na zubo mata. Ta harari Tajuddeen. Abin mamaki, shi ba ita yake kallo ba, Datti yake kallo, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Sace shi aka yi?" tsohuwar ta tambaya.

Datti ya sunkuyar da kai.

"Yaya, faɗa mata."

Ya share gumin goshinsa da bayan hannu.

"Yaya Datti, magana ake yi maka fa. Ka ce mata a akwatina yake."

Ya zare hannun rigarsa daga riƙonta. Da ya buɗe baki, Hausa ce ta fito, kuma ba muryar da ta sani ba.

"Shekara goma sha biyu ina riƙe masa filanki, Hajjo. Rana ta dake ni, gizago ya sare ni, ga tabon nan. Ke kina gefe kina wasa da ƙusa. Bai taɓa ce mini sannu ba, kullum sai dai ya ce kunnena a toshe yake, kunnenki ne na maƙera."

"Yaya, me ya kawo wannan maganar yanzu?"

"Da ya tashi mutuwa wa ya kira? Ina tsaye a bakin ƙofa, ni babba, ni namiji, ya ce in ja labule in ba ku wuri. Ina ji yana miƙa miki. Gobe kuma ki zama dakta da shi, a yi walima a Yawuri a ce 'yar Malam Imran ta gaje shi."

"Don Allah, Yaya. Don darajar Inna. Alhamis ce fa."

Madam Ingrid ta ɗaga fayil.

"Ban ji abin da kuke faɗa ba. Tambaya ɗaya na yi. Sace shi aka yi?"

Datti ya dubi tsohuwar, ya amsa da Turanci, dalla-dalla yadda kowa a zauren zai ji.

"Ba wanda ya saci komai. Da makullin da ta ba ni ajiya na buɗe ɗakin. Ni na ɗauko, ni na ba shi. Ki duba ƙasan takardar da ke hannunki, sa hannuna ne."